Hali Zanen Dutse: Wa Ke Sauyawa a Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce?

Wanda ya bar Agadas ya kama hanyar Arlit, in ya wuce mararrabar Cirozerin ya ƙara gaba, ya saki kwalta ya ɗan ratse, zai iske wani falalen dutse a wurin da ake kira Dabus. A jikinsa akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dauri suka sassaƙa tun Sahara tana da ciyawa da tafkuna, shekaru dubu shida ko fiye da suka wuce. Babban ya haura mita biyar daga kofato zuwa ka. An fitar da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga bakin kowane raƙumi an ja wani siririn layi da ya sauko har wajen wani ɗan mutum ƙarami da ke ƙasa. Raƙuman dawa sun ƙare a Azbin tuntuni, tafkunan sun ƙafe, ayari ya wuce, manyan motocin yuraniyom sun wuce, zanen yana nan yadda aka bar shi. Duk wanda ya tsaya gaban dutsen nan zai gane abin da Bahaushe ke nufi in ya ce hali zanen dutse ne. Karin maganar ta shafi tarbiyya, amma ta shafi adabi ma, domin a kanta aka gina littattafan da yaran ƙasar Hausa suka tashi da su tun daga 1934, kuma wanda bai riƙe ta ba zai yi wa littattafan nan mummunar fahimta ko da ya haddace su.

Maganar ta taso ne saboda kundin sake fasalin ƙasa da hukumomin Yamai suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko ba daɗe ko ba jima, abin zai kai ga lakkol, kuma malamin da aka ce ya koyar da karatun Hausa a Cirozerin ko Akokan zai nemi littafin da zai miƙa wa yara. Ba zai yi nisa ba zai ci karo da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Tare da su kuma zai zo da ma'aunin da ya koya a makarantar horon malamai, wanda ke raba taurarin labari gida biyu: mai tsayayyen hali, wanda yadda ya shiga labari haka yake fita, da mai sauya hali, wanda wahalar tafiya ke gyara shi ko ta ɓata shi. Rabon kansa ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne hukuncin da ake liƙa masa a ɓoye, wai mai sauyawa shi ne tauraron kirki, mai tsayayyen hali kuwa alamar marubuci bai ƙware ba. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Finokiyo na Carlo Collodi, wanda ya fito a Italiya a 1883: ɗan tsanar icce mai ƙarya da gudun makaranta, wanda ya sha wuya har ya yi hankali, sannan aka mai da shi yaro na jini da tsoka. In aka ɗora Alhaji Imam da Malam Zurƙe, taurarin Ruwan Bagaja, a kan wannan sikeli za su fito marasa nauyi, malami kuma ya gaya wa yara cewa shahararren littafin harshensu aikin koyo ne. Wannan hukunci kuskure ne, kuma ana iya nuna kuskuren daga cikin labaran kansu.

Gara a fara da tatsuniyar da Imam ya aro sunan littafinsa daga gare ta, domin Ruwan Bagaja ya daɗe a bakin tsofaffi kafin ya shiga injin ɗab'i. Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. Aka ɓata ƙirgin kwanciya da dare, aka ɗora wa 'yar bora laifi, aka kore ta ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja, wurin da ba wanda ya san inda yake. Ta yi ta tafiya tana cin karo da koguna na abinci, kowane ya yi mata tayi, ta gode ta wuce ba ta taɓa ba. Da ta isa, hadari ya taso, ta fake a wata bukka inda ta tarar da cinya zalla ba gangar jiki, da kare yana yi mata tafinta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi tambayar banza ba. Abin da aka ba ta ta dafa, duk ƙanƙantarsa, ta dafa ba gunaguni. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa shi inda aka umarce ta, dukiya da mahaya suka fito suka raka ta gida. Mowa ta ga haka, ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, koguna ɗaya, bukka ɗaya, cinya da kare suna nan. Ita kuwa ta ci ta ƙoshi a kowane kogi, ta yi wa masu gida rashin kunya, ta zaɓi babban ƙwai, ta koma gida da ayarin kutare da makafi. A lura: ba ɗaya daga cikin 'yan matan nan da ta sauya ko da ƙwayar gero. 'Yar bora ba ta koyi ladabi a hanya ba, da shi ta fito daga ɗakin uwarta. 'Yar mowa ba ta yi nadama ba. Amma duk yaron da ya saurara ya ga halaye biyu, ya ga inda kowane ke kaiwa. Abin da Collodi ya zuba cikin yaro ɗaya, fari da ƙarshe, tatsuniya ta raba shi ga yara biyu ta jera su kafaɗa da kafaɗa. Sauyin da ake nema yana nan, sai dai an fitar da shi daga cikin labari an ajiye shi a zuciyar mai sauraro. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Da wannan gado Imam ya shiga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, yana malami a Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu. Littattafai biyar suka fito daga gasar: nasa, da Ganɗoki, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A nasa littafin, Alhaji Imam ne ke ba Koje Sarkin Labari tarihinsa a Kwantagora. Ɗan sarki ya kwanta ciwo, Liman, mijin uwar Alhaji, ya ce da za a sami Ruwan Bagaja da ya warke, sarki ya wulakanta shi a bainar fada, yaron ya ji zafin abin ya fita neman ruwan. Daga nan har shekara da shekaru abu biyu ne ba su motsa ba a jikinsa: wayo, da alkawarin da ya ɗauka na wanke Liman daga kunya. Dubi haɗuwarsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji ya sauka wani gari na jahilai ya kafa kansa malami, ana kawo masa sadaka, sai ga Zurƙe, wanda ya yi karatu na gaske, ya zo zai tona shi. Aka tara jama'a. Alhaji ya sunkuya ya ja wani lanƙwasasshen layi a ƙasa, ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙen Larabci da suka yi kama da shi, ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana girgiza kai. Daga ƙarshe ya ce jinjirin wata ne ya zana. Mutanen gari, waɗanda ba su san baƙi ko ɗaya ba amma sun san wata sarai, suka ga gaskiyar malaminsu ƙiri-ƙiri, suka yi wa baƙo ature. Daɗin wurin nan duk ya rataya ne a kan cewa kowa ya tsaya a halinsa: mai ilimi ya amsa da ilimi domin ba ya iya amsawa da wani abu, mai wayo ya san haka tun kafin ya sunkuya, jama'a kuma suka bi abin da idonsu ya sani. Yaron da ya karanta wannan shafi ya koyi abin da zai yi masa amfani har tsufa game da yadda ake juya taro, da yadda mai gaskiya ke faɗuwa in bai san da wa yake magana ba.

Daga wannan rana su biyun suka yi ta haɗuwa gari bayan gari, yau wannan ya ci wancan, gobe wancan ya rama, har daga baya suka gaji suka sasanta. Imam bai ɓoye ba cewa ya kalli Maƙamatul Hariri wajen ƙulla wannan zubi, littafin malamin Basra da ya rasu a 1122, mai maƙama hamsin, wanda har yau ake karanta shi a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Agadas. A can ma mutum biyu ne, Harisu ɗan Hammamu da Abu Zaidu mai wayo, suna rabuwa suna haɗuwa, kuma jin daɗin mai karatu shi ne ya gane Abu Zaidu a ƙarƙashin sabuwar riga kafin a faɗa masa. Ganewar nan ba ta yiwuwa in mutumin yana sauya hali a kowane babi. Haka Gizo yake a tatsuniya: in aka ce ga Gizo ya tafi gidan kura, yara sun fara dariya tun ba a kai ko'ina ba, domin sun san kwaɗayinsa, sun san Ƙoƙi za ta yi masa faɗa, abin da ba su sani ba shi ne ta wace kafa zai fita yau. Gizon da ya tuba ran Litinin ba shi da labari ran Talata.

Yaran Azbin ba baƙi ba ne ga wannan salo, ko da ba su taɓa jin sunan Kwantagora ba. A bakin Abzinawa akwai jerin labaran Aligurran, wanda wasu ke kira Aniguran, mutum mai kaifin basira da ake danganta masa rubutun tifinag da zane-zanen da ke jikin duwatsu, da ɗan 'yar'uwarsa Adalasag, wanda ya fi shi basira. Kawun yana ganin yaron barazana ne gare shi, yana ta ɗana masa tarko, yaron yana karanta alamu yana kuɓuta. Labari bayan labari, kawu bai daina ƙiyayya ba, ɗa bai daina tsira ba, kuma abin da mai sauraro ke ɗauka shi ne yadda ake lura da sawu, da yadda ake jin maganar da aka faɗa a kaikaice. Ga ɗan makiyayi a ƙasar da kuskuren karanta alama ɗaya ke iya raba mutum da rijiya, wannan ilimi ne na rai da mutuwa. Malamin da ya fara da Aligurran da Adalasag kafin ya buɗe Ruwan Bagaja zai ga ajinsa ya riga shi fahimtar Alhaji da Zurƙe.

A Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, Imam ya ɗauki mai sauraron nan da ke wajen tatsuniya ya shigo da shi cikin littafi, kuma a nan ne hujjar ta fi ƙarfi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida ƙarƙashin tsaro. Waziri ya ci amana yana jiran Musa ya leƙo waje a kama shi. Kowane dare Musa ya yi ɗamara zai bi sawun Mahmudu, ya biyo ta wajen Aku, Aku ya jawo shi da labari har gari ya waye. Wannan zubi ya samo asali daga Indiya, inda ake da littafin labarai saba'in na aku, wanda Nakshabi ya juya zuwa Farisanci a ƙarni na 14. A can matar wani fatake ce aku ke hanawa fita wajen kwarto, kuma tsuntsuwar da ta fara yi mata wa'azi kai tsaye kashe ta aka yi nan take, shi ya sa aku ya koma ga labari. Imam ya cire matar ya sa yarima mai zafin kai a gurbinta, da haka ya mai da littafin manya ya zama na yara, ya kuma bar darasin yadda yake: mai taurin kai ba ya jin hani, amma yana jin labari. To a duba wa ke tsaye, wa ke motsi. Aku tun ran da aka saye shi fasihi ne, ya hau muƙami har ya zama waziri, fasaharsa ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Waziri mugu ne tun farko har ƙarshe. Mutanen da ke cikin labaran Aku kuwa, wawaye da ɓarayi da marowata da masu haƙuri, kowane hali ɗaya yake ɗauke da shi kamar tallan yarinya mai faranti ɗaya. Wanda ake aiki a kansa shi ne Musa, wanda ake koya wa jinkiri dare bayan dare ba tare da ya sani ba. A juzu'i na uku abin ya fito fili, inda Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana, ɗan yana kuskure ana gyara masa har ya iya. Saboda haka littafin yana da taurari masu sauyawa, kuma Imam ya san inda ya ajiye su: a kan tabarmar mai koyo, daidai wurin da ɗan makarantar da ke riƙe da littafin yake zaune.

Akwai masu ƙalubalantar wannan, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko su ne iyaye da malaman addini da ke cewa: Alhaji Imam maƙaryaci ne, ya yi shigar malamai ya ci dukiyar jahilai, akwai waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba da wayonsa ya ci, duk da haka ya sami ruwan, ya warkar da ɗan sarki, ya ƙare cikin daula. Ina hukuncinsa? Hariri ma ai ya sa Abu Zaidu ya tuba a maƙama ta hamsin. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a shafa wa littafin mai a nan ba: Ruwan Bagaja ba littafin wa'azi ba ne, kuma yaron da aka bar shi da shi ba jagora zai iya ɗauka cewa wayo ya wanke komai. Amma maganin ba shi ne a yi fatan da Alhaji ya tuba a shafi na ƙarshe ba. Tuban da aka liƙa a ƙarshen labari yakan sauke wa mai karatu nauyi, ya rufe littafi hankalinsa kwance, an yi masa hukuncin da ya kamata shi ya yi. Alhajin da bai tuba ba yana barin tambaya a buɗe a tsakiyar aji: mutumin da ya cika alkawari ga Liman amma ya cuci mutane a hanya, me za a kira shi? Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya kokawa da wannan tambaya, kuma a garin da yake ganin masu kuɗin zinariyar Jado da Cibarakaten suna shigowa da sababbin motoci, gara ya yi kokawar a gaban malami da ya yi ta shi kaɗai a tasha.

Na biyu su ne masu nazari da ke cewa tsayayyen hali alamar ƙuruciyar adabi ce, wai marubutan 1933 suna koyon rubuta ƙagaggen labari ne, da sun daɗe da sun iya zurfafa taurarinsu kamar Turawa. Amsa ta farko tana wajen mutumin da ake yawan jingina ma'aunin gare shi. E. M. Forster, marubucin Ingila da ya raba taurari zuwa shimfiɗaɗɗu da kewayayyu a laccocinsa na 1927, shi da kansa ya lura cewa kusan duk mutanen Charles Dickens shimfiɗaɗɗu ne, bai kuma ce Dickens bai iya ba. Alis ta Lewis Carroll, ta 1865, tsawonta ke ƙaruwa yana raguwa, halinta na nan yadda ta faɗa rami da shi. Ko a Finokiyo, da gyare mai magana da tsoho Jafeto da ya sassaƙa shi suna jujjuyawa kamar ɗan tsanar, da ba a sami abin auna gyaruwarsa ba. Amsa ta biyu ita ce marubutan Hausa sun san sauyi, sun dai fahimce shi ta wata fuska. Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda Ingawa ya gina a kan labarin jarumin Rasha ya fitar a 1951, ya tashi gurgu ba ya iya ko miƙewa, baƙi suka zo aka warkar da shi, ya zama barden Sarki Waldima na Kib, a ƙarshe ya bar yaƙi ya koma ga Allah, ya zama dutse. Ganɗoki ya yi yaƙi da Turawa, ya faɗa duniyar aljannu, ya dawo ya tarar ƙasa ta sauya hannu. A duka biyun abin da ke juyawa shi ne rabo da matsayi da zamani, waɗanda ke hannun Allah, hali kuwa shi ne abin da mutum ke riƙe da shi yayin da suke juyawa. Mutum na iya ƙin yarda da wannan fahimta ta ɗan Adam, amma fahimta ce cikakkiya, tana da tushe a tauhidi da karin magana, kuma kiranta rashin ƙwarewa rashin adalci ne.

Ƙalubale na uku shi ne wanda ba a iya ture shi, kuma a Azbin zai fi ko'ina fitowa. Mata a littattafan nan ba su da murya. Uwar Alhaji tana can gefe tana jira. Sinaratu, wadda maganar aurenta ta jawo yaƙin Magana Jari Ce, ba a jin ra'ayinta. Wannan ba irin tsayuwar Gizo ba ce, wadda ke motsa labari, tsayuwa ce ta wanda aka ajiye aka manta. Abin takaici ma shi ne tatsuniyar da aka ari sunan daga gare ta 'yan mata biyu ne ke tafiyar, littafin ya karɓe tafiyar ya ba namiji. Yarinyar Cirozerin da ta tashi a gidan da tanti na uwa ne, inda mata ke buga tende, inda sau da yawa a wajen uwa ake fara ganin tifinag a rubuce a kan rairayi, za ta lura da wannan giɓi tun kafin malami ya ambata. Daidai ne ta lura, kuma daidai ne a ce mata ta yi gaskiya. Shi ya sa ya kamata a karanta tatsuniyar tare da littafin, a kuma bar wa marubutan yau, musamman mata, aikin cike wurin. Haka nan dole a tuna cewa yaro da yawa a wannan yanki da Tamajak ya buɗe baki, Hausa a kasuwa da unguwa ya tsince ta. Hausa ta daɗe a Azbin, tun zamanin da madugai ke kai gishirin Bilma da Faci zuwa Damagaram da Kano su dawo da gero da tufafi, amma daɗewa ba ta ba ta izinin danne harshen gida ba. Littafin Imam zai shiga zuciyar yaron nan ne in an shigar da shi ta ƙofar labaran kakarsa.

Akwai dalilin da ya sa wannan muhawara ta fi muhimmanci a garuruwan ma'adinai fiye da Kano ko Maraɗi. Arlit ba ta nan kafin 1969, yuraniyom ne ya kafa ta. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, na COMINAK ya biyo a 1978 a Akuta, Akokan ta tashi a gefenta. An kafa SONICHAR a 1975 domin haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, kuma da shi ake kunna wutar da ma'adinan da garuruwan yankin ke amfani da ita tun farkon shekarun 1980. Iyayen yaran garuruwan nan daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso suka zo, wasu kuma fari na shekarun 1970 da 1980 ne ya raba su da dabbobinsu ya zaunar da su gefen gari. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ɗaruruwan magidanta suka wayi gari ba aiki, wasu suka kwashe iyali suka koma kudu, wasu suka nufi ramukan zinariya. Yaron da ya ga abokin zamansa a aji ya ɓace tsakiyar shekara, ya ga unguwar ma'aikata ta yi shiru, ba ya bukatar littafi ya gaya masa cewa duniya tana juyawa, da idonsa ya gani. Abin da bai cika samu ba shi ne labarin da ke tambayar me mutum zai riƙe in komai ya juya. 'Yar bora ta riƙe ladabi a gaban cinya mai magana. Alhaji ya riƙe alkawari a garuruwan da ba wanda ya san shi balle ya tuna masa. Aku ya riƙe amanar sarki dare bayan dare, da baki kawai, ba takobi ba mashi.

Saboda haka kira ga malaman Cirozerin da Arlit da Akokan, da masu duba makarantu a Agadas, da masu tsara manhaja a Yamai: in lokacin sa littattafan nan a aji ya yi, a koya wa yara bambancin tauraro mai tsayayyen hali da mai sauyawa, domin kayan aiki ne mai kyau, amma kada a haɗa musu da hukuncin cewa ɗaya ya fi ɗaya. A tambaye su me tsayuwar Zurƙe ke yi wa labari, su nemo wanda ke sauyawa a Magana Jari Ce da kansu, su kawo labarin Aligurran daga gida su jera shi da na Alhaji, 'yan mata kuma su rubuta abin da Sinaratu za ta ce da an tambaye ta. Littattafan suna nan, kamfanin NNPC na Zariya ne ya daɗe yana buga su, kuma motocin da ke kawo kaya daga Kano zuwa kasuwar Agadas ba za su gaza ɗauko kwali biyu ba. A sayo su a sa a hannun yara.